Yadda ni da ƙanena ɗan Henan muka ƙare da jarrabawar IELTS a Wuhan

Na shiga birnin Wuhan a shekarar 2019 da tallafin karatu na gwamnatin ƙasar Sin. Shekara guda na yi ina koyon Sinanci, sannan na fara digiri na biyu. A farkon 2023, ina cikin rubuta kundin kammalawa, na soma neman gurbin digiri na uku a Ostireliya. Ko a mafarki ban zaci Turanci zai tare mini hanya ba. Ga takardar WAEC, ga digirin farko da na yi da Turanci a gida, kundin ma da Turanci nake rubuta shi. Na je ofishin ɗalibai baƙi na nemi takardar shaidar harshen da aka koyar da ni, na jira kwana biyar, da ta fito sai na ga an rubuta Sinanci da Turanci a haɗe, wanda kuwa gaskiya ne. Masu tallafin da nake nema a Ostireliya suka amsa mini a gajarce: su dai sakamakon IELTS suke so, wato jarrabawar gwada ƙwarewar Turanci a sauraro da karatu da rubutu da magana, maki 6.5 a dunƙule, kuma kada kowane ɓangare ya gaza 6.

A ɗakin gwaje-gwajenmu akwai wani yaro ɗan lardin Henan da ke aji ɗaya a bayana, shi ma yana neman fita zuwa Ingila, makin da ake nema a wurinsa daidai da nawa. Yana kirana "shixiong", wato yaya na wajen karatu, haka al'adarsu take a tsakanin waɗanda malami ɗaya ke duba aikinsu. Ni kuma ƙanena nake ce masa har sunan ya bi shi. Yaron nan in ka ba shi maƙalar kimiyya mai shafi goma da Turanci, kafin in kai rabi ya gama, ya kuma ja layi a inda marubucin ya yi kuskure. Amma shekara biyu muna zaune kujera na gogar kujera, in yana son tambayata wani abu da Turanci sai ya rubuto mini a WeChat, manhajarsu ta aika saƙo. In na yi masa magana baki da baki sai kunnuwansa su yi ja, ya yi zuru kamar ruwa ya cinye shi. Su da kansu suna da suna ga wannan ciwo, "yaba Yingyu", Turancin bebe.

Da na matsa masa da tambaya ya warware mini yadda aka yi ya zama haka. Tun ajin firamare na uku ya fara Turanci, kamar yadda tsarin ƙasar ya tanada tun 2001. A ƙarshen sakandare akwai gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni, inda Turanci ke da maki 150 cikin 750, kuma lardinsu ya fi kowane lardi yawan masu zama, sama da miliyan guda a shekara. Maki ɗaya tak na iya jefa ka bayan dubban mutane. A irin wannan hali wane malami ne zai ɓata awa guda yana hira da ɗalibai? Sai nahawu, sai cike gurbi, sai zaɓi ɗaya cikin huɗu, sai wasiƙar da ake sa su rubutawa da sunan wani yaro na ƙage mai suna Li Hua, wanda ƙanena ya ce ya rubuta masa wasiƙu sun fi ɗari amma bai taɓa samun amsa ba. A jami'a kuma sai jarrabawar Turanci ta CET-4 da CET-6, waɗanda ake yi a Yuni da Disamba. Maki 710 ne gaba ɗaya, 425 ake ɗauka a matsayin tsallakewa. Sauraro da karatu kowanne kashi 35 cikin ɗari, rubutu da fassara kowanne kashi 15. Magana fa? Jarrabawarta daban take, kuma ba dole ba ce. Haka jarrabawar shiga digiri na biyu, rubutaccen Turancinta babu sauraro balle magana. Ƙanena ya tsallake waɗannan duka da maki mai kyau, sama da shekara goma sha biyar yana karatun Turanci, ba a taɓa zaunar da shi an ce ya yi magana ta minti biyu a jere ba.

Bayan hutun sabuwar shekararsu, cikin watan Fabrairu, muka zauna yin rajista. A lokacin ta shafin hukumar jarrabawa ta ma'aikatar ilimi, NEEA, ake bi. Ka fara buɗe asusu da lambar wayarka ta Sin da adireshin imel, su ba ka lambar shaida. Shi ya yi amfani da katin ɗan ƙasa, ni fasfo. A nan na fara tuntuɓe, domin na sa sunan mahaifina a gurbin sunana, sai da ƙanena ya lura kafin in tura. Duk abin da ka rubuta dole ya yi daidai da fasfo harafi da harafi, kuma fasfon da ka yi rajista da shi, shi za ka je da shi ranar jarrabawa. Abu na biyu da ya ruɗa ni: ba a kama kujera sannan a biya. Sai ka fara zuba kuɗin a asusunka na shafin, ya nuna sun shiga, sannan a buɗe maka zaɓen rana da wuri. Yuan 2,170 na biya ta manhajar biyan kuɗi ta Alipay, kusan dala 300 a lokacin. Alawus ɗina na wata yuan 3,000 ne, saboda haka watan nan taliya da ƙwai suka san ni. Akwai wani nau'in mai suna UKVI, na masu neman bizar Birtaniya, da ya ɗara wannan da yuan 50, ƙanena ya kusa biyansa don kawai ya ga sunan Ingila a jiki, sai da ya rubuta wa jami'ar da yake nema suka ce na yau da kullum ya wadatar. Muka zaɓi ta takarda maimakon ta kwamfuta, muka samu kujera wata Asabar a Afrilu, ban ma lura cewa cikin azumi za ta faɗo ba.

Daga nan hanyarmu ta rabu na ɗan lokaci. Iyayensa, manoman alkama, sun tura masa sama da yuan 20,000 ya biya wata cibiyar horaswa da ke hawa na sama a wani dogon bene kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ni ba ni da wannan ƙarfi, amma suna da darasin gwaji kyauta, sai na bi shi ranar wata Lahadi. Mai tarbar baƙi ta dube ni ta dubi takardar hannunta, ta ɗauka aikin koyarwa na zo nema, ta ce ai sun riga sun ɗauki malami baƙo. Da ta gane ɗalibi ne ni sai ta rasa inda za ta sa kanta. An fara yi mana ɗan gwajin tantancewa na minti ashirin, kowa aka gaya masa makinsa ya yi ƙasa, kowa aka nuna masa ajin da ya fi tsada. Sannan muka shiga aji.

Darasin magana ne, awa biyu, kuma wallahi kusan dukkansa da Sinanci aka yi shi. Malamar ta haska tambayoyi a allo, waɗanda suke kira "jijing", tambayoyin da waɗanda suka riga suka shiga jarrabawar ke tunowa su zuba a intanet. Ta yi bayanin cewa ana sauya wani ɓangare na tambayoyin magana a Janairu da Mayu da Satumba, don haka wanda zai zauna a Afrilu ya yi sa'a, tambayoyin sun gama fitowa fili. Dabararta ita ce ka haddace labari biyar ko shida da za ka iya lanƙwasa su su shiga kowace tambaya. In an ce ka kwatanta mutumin da kake girmamawa, kakanka ne. In an ce tsohon abu mai daraja, agogon kakanka. In an ce wurin da ka taɓa ziyarta, ƙauyen kakanka. Aji ya ɗauki dariya, kowa na rubutawa. A rubutu kuma suna da "muban", ƙwarangwal ɗin insha'i da aka riga aka gina, kai dai ka cusa kalmomin tambaya a ramukan da aka bari. Buɗewar kusan kullum ɗaya ce, wai sakamakon bunƙasar al'umma cikin sauri, sai a biyo da cewa kowane kwabo fuska biyu gare shi. Mutum ashirin a aji, kwabo ashirin. A ƙarshen darasin aka shigo da malamin baƙon, wani farin saurayi da aka gabatar a matsayin Ba'amurke. Na gaishe shi a baranda, jimla biyu kacal na gane Turancin ba na gado ba ne. Ya yi dariya ya ce mini daga gabashin Turai yake, haka masu wurin suka ce ya riƙa faɗa. Yaron kirki ne, ban ga laifinsa ba kamar na waɗanda suka san iyaye fatar suke biya ba darasin ba.

Na fito ina cika baki, ina cewa wannan ai karatun aku ne. Daren nan na zauna na gwada tsohuwar takardar karatu da agogo a gabana, minti 60, dogayen rubutu uku, tambaya 40. Lokaci ya ƙare ina tambaya ta talatin da ɗaya. Wanda na amsa ma, nau'in nan na "gaskiya, ƙarya, ko ba a faɗa ba" ya yi mini kaca-kaca, domin ina amsawa da abin da na sani a duniya maimakon abin da ke kan takarda. Washegari na nuna wa ƙanena. Ya duba ya yi murmushi irin na wanda aka zo gonarsa, ya ce, "Shixiong, kai karantawa kake yi. Ba a karanta wannan, farauta ake yi." Ya nuna mini yadda ake fara duba tambaya, a riƙe kalma ɗaya ko biyu, a bi rubutun da ido ana neman 'yar uwarta mai ma'ana ɗaya. Abin da ya shekara goma yana yi ke nan, ya zame masa jiki.

Sai muka yi ban gishiri in ba ka manda. Da rana ya ba ni minti arba'in na farautar amsa, da yamma ni kuma in ja shi yawo a bakin tafkin Donghu, da sharaɗin babu Sinanci, babu waya. Makon farko azaba ne. In tambaye shi me ya ci da rana, sai ya tsaya cak yana gina jimla a ka, yana duba ko aikatau ya dace da lokaci, kafin ta fito mun wuce bishiya goma. Kalmomi kam yana da su jibgi, har waɗanda ni ban taɓa ji ba, daga littafin hadda da ke jere bisa haruffa. Suna ma yi wa kansu ba'a cewa kalmar da kowa ya fi iyawa ita ce ta farko a jerin, abandon, ma'ana watsarwa, domin daga ita ake watsar da littafin. Amma duk da yawon nan, in ya koma ɗaki labaran kakansa yake bita har ɗaya na dare. Na ce masa ya rage, ya ce kuɗin iyayensa ne a ciki. Ban iya musa masa ba.

Ranar jarrabawa na yi sahur da shayi da burodi, muka isa wurin kafin ƙarfe takwas da takardar izinin shiga da muka buga daga shafin. Layi ya miƙe har waje, kowa da 'yar takarda a hannu yana motsa baki. Masu zama wannan jarrabawa a Sin "kaoya" suke kiran kansu, gasasshiyar agwagwa, saboda sunan IELTS da Sinanci "yasi" ne, "ya" kuma ya yi kama da sunan agwagwa. Wanda ya ci sai su ce ya yi "tuya", wato ya yanka agwagwar. Da na gaya wa ƙanena ma'anar tuya da Hausa sai da ya manta fargabarsa na ɗan lokaci, ya ce ashe agwagwar ba ta da mafita ko ta ina. An karɓe jaka da waya da agogon hannu, an duba fasfo, an ɗauki hoto da zanen yatsa. A lokacin fensir su suke bayarwa. Wanda ke son ban ɗaki ya je tun kafin a shiga, domin da zarar an fara sauraro babu tsayawa. Sauraro wajen minti 30 ne, sau ɗaya ake kunnawa, da ƙarin minti 10 na kwashe amsa zuwa takarda. Karatu ba shi da wannan ƙarin, kada ka jira shi, na ga wata yarinya a gabana ta fashe da kuka saboda haka. Sai rubutu, minti 60, aiki biyu: bayanin zane ko jadawali da kalma 150 aƙalla, da insha'i mai kalma 250, wanda ya fi nauyin maki. Ni na ɓata kusan rabin awa a na farko, na ƙarasa na biyu hannuna na rawa, maƙogwaro a bushe.

Ta magana mun zaɓi lokacinta tun a shafin, ta faɗo mana kwana biyu bayan haka. Minti 11 zuwa 14 ce, kashi uku: tambayoyi a kan kanka, sai kati da za a ba ka minti ɗaya ka shirya ka yi magana har minti biyu, sai tattaunawa mai zurfi a kan batun katin. Tawa ta tafi kamar hirar shago. Ƙanena ya fito fuskarsa a washe, ya ce katin ya faɗo daidai kan kakansa, ya zuba shi tas babu tuntuɓe. Na tambaye shi kashi na uku fa? Ya ɗan yi shiru, ya ce matar ta riƙa katse shi tana tambayar "me ya sa", shi kuma ba a ba shi amsar wannan ba.

A lokacin kwana 13 ake jira in ta takarda ka yi. Sakamakon ya fito bayan ƙaramar salla, muka buɗe tare a kwamfutar ɗakin gwaji. Ni na samu 7 a sauraro, 6.5 a karatu, 6.5 a rubutu, 8 a magana, a dunƙule 7. Wannan 6.5 na karatu nasa ne, ba nawa ba. Shi kuma 7.5 a karatu, 6.5 a sauraro, 5.5 a rubutu, 5 a magana, a dunƙule 6. Ya daɗe yana kallon allon. Da ya koma cibiyar, abin da suka gaya masa shi ne masu ba da maki a Sin suna danne ɗalibai da gangan, wasu ma Tailan suke tafiya su zauna, don haka ya nemi a sake duba takardarsa, ya kuma biya wani sabon aji na mutum ɗaya da malami ɗaya. Neman sake dubawa ana yinsa cikin mako shida daga ranar jarrabawa, ya biya yuan 1,400 da ake mayarwa in maki ya ƙaru. Bayan 'yan makonni amsa ta dawo, ko rabin maki bai motsa ba, kuɗin suka bi ruwa.

Ni dai ban yarda an zalunce shi ba, kuma na faɗa masa. Ma'aunin ba da makin a fili yake a intanet, kowa na iya saukewa: a magana ana duba gudanar zance da haɗuwarsa, da yalwar kalmomi, da nahawu, da furuci. Mutumin da ya wuni yana sauraron ɗalibai, ya ji labarin kaka ɗaya sau goma, ba ya buƙatar boka ya gaya masa hadda ce. Muryar ma takan canza, ta miƙe sambal kamar mai karanta sanarwa, da an kauce daga layin kuma sai ta tsinke. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wata biyun da ya yi a cibiyar nan ba a taɓa nuna musu wannan ma'auni ba.

Ga shi Mayu ta shigo, an sauya tambayoyi, rabin haddarsa ta tashi a banza. Wannan ne ya taimake mu fiye da duk nasihata. Ya sake zuba yuan 2,170, ya zaɓi ta kwamfuta a ƙarshen Yuni tunda a lokacin sakamakonta kwana uku zuwa biyar ne kuma tana ƙirga maka kalmomi. Bai koma cibiyar ba. Muka ci gaba da yawon tafki, na kuma riƙa jansa wurin cin abincin Musulmi inda muke haɗuwa da 'yan Pakistan da 'yan Gana da 'yan Tanzaniya, kowa da irin Turancinsa, babu mai jiran wani ya gyara nahawu. Ranar da ya yi musu da wani ɗan Gana a kan ƙwallo har ya ɗaga murya, yana ta kwaɓa jimla bai damu ba, na san an samu hanya. A rubutu kuma na hana shi kwabon nan, na ce ya faɗi ra'ayinsa a jimlar farko, ya kawo dalili biyu da misali daga abin da ya sani, ko da noman alkama ne.

Wanda zai bi wannan hanya a Sin, abin da zan ce masa kaɗan ne. Ka tambayi masu tallafi ko jami'a tun da wuri ko za su karɓi takardar WAEC ko ta harshen koyarwa, kada ka zauna a kan zato kamar ni. Ka tanadi kuɗin zama biyu ko da kana ganin ɗaya zai isa. Ka sauke ma'aunin maki ka karanta kafin ka ba kowace cibiya ko yuan ɗaya, in kuwa ka shiga darasin gwaji ka ƙirga minti nawa ɗalibai suka yi magana da bakinsu. Mu kuma da muka tashi da Turanci a makaranta, kada iya surutu ya ruɗe mu, karatu da rubutun jarrabawar nan suna da nasu horon, kuma abokan karatunmu Sinawa sun fi mu saninsa nesa ba kusa ba.

Sakamakonsa na biyu ya fito ina cikin ɗaure kaya, saura kwana shida in bar Wuhan: karatu 7.5, sauraro 7, rubutu 6, magana 6, a dunƙule 6.5, daidai abin da ake nema babu ragi babu ƙari. Bai rubuto mini a WeChat ba. Kirana ya yi, ya yi ta zuba da Turanci kusan minti biyar, rabi ban gane ba saboda sauri, har sai da na ce, "Ƙanena, numfasa." Ya ce zai kai ni cin agwagwa. Na ce sai dai in mai yankan Musulmi ne, ya ce ya riga ya tambaya, akwai wani wuri kusa da masallaci.